Saura wata 7 in miƙa kundin digiri na biyu, ban auna komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin injiniya. Bincikena a kan sanyaya farantin sola ne domin ya ƙara ba da wuta. A takardar da sashe ya amince da ita na rubuta cewa zan gwada sanyayawa da ruwa, in gwada da fikafikan alminiyam, in ƙera na'urar da za ta riƙa kunna famfo da kanta, in yi kwaikwayon aikin a kwamfuta, sannan in lissafa ribarsa. Saura wata 7 a miƙa kundi. Na tara maƙalu kusan 80, babi na ɗaya kawai na rubuta, kuma ko sau ɗaya ban auna komai ba. Malamin da ke duba aikina sai ya yi mako 3 bai amsa saƙona ba. Barci ya ƙaurace mini. In canza batu ne, ko da sauran dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka canza batu. Sabon batu zai ci maka wata guda ko fiye wajen neman amincewa da sabon karatu, kuma da halin da ya kawo ka nan za ka shige shi. Batunka mai kyau ne, ana iya auna shi da kayan da ba su da wuyar samu. Inda gizo ke saƙa shi ne ayyuka 5 ka lissafa, kuma kusan kowane ɗaya ya isa kundi guda. Wata 7 sun ishi ɗaya daga cikinsu a yi shi da kyau. Shi ya sa ka kasa farawa: duk wanda ka ɗauka, sauran huɗun na jan rigarka.

Abin da ake nema a kundin digiri na biyu shi ne ka nuna za ka iya ɗaukar tambaya guda, ka tsara yadda za a amsa ta, ka auna, ka faɗi amsar tare da iyakar amincinta. Saboda haka aikin farko shi ne mayar da batun ya zama tambaya. "Sanyaya farantin sola" take ne, ba a amsa take. Ga irin tambayar da muke nufi: idan aka riƙa zagaya ruwa a bayan farantin sola mai wat 100, a gudun ruwa iri 3, wat nawa ake ƙaruwa da shi a kan farantin da ba a sanyaya ba, bayan an cire wutar da famfon ya ci? Dubi abin da ke cikinta. Akwai abin da kai ne ke sauya shi, wato gudun ruwa. Akwai abin da kake aunawa, wato wutar da ta rage. Akwai kuma abin da kake kwatantawa da shi. Duk jimlar da ta rasa ɗaya daga cikin ukun nan ba ta gama zama tambayar bincike ba. Fikafikan alminiyam da na'urar kunna famfo su koma babin ƙarshe, cikin shawarwari ga masu bincike na gaba.

Kafin ka sayi ko waya ɗaya, ɗauki fensir ka yi lissafin abin da kake sa ran gani. Wannan mataki shi ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke ceton watanni. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a hasken wat 1000 a kowace murabba'in mita, da zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Farantin silikon yana rasa tsakanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri da ya haura 25. Ainihin adadin naka yana cikin takardar bayanin da kamfani ya fitar. Mu ɗauki 0.4. Idan farantin ya kai digiri 60 a cikin rana, ya haura da 35, asarar ta zama kashi 14, wat 100 ya koma 86. Ka sanyaya shi zuwa digiri 45, asarar ta koma kashi 8, ka samu wat 92. Duk wahalar ta ba ka wat 6. Idan famfonka yana cin wat 10, asara ka yi.

Wannan ɗan lissafi ya riga ya faɗa maka abubuwa biyu. Na farko, famfo ne zuciyar binciken: ko dai ƙarami mai cin wat 3 zuwa 4, ko ya riƙa aiki yana hutawa, ko ka ɗora tanki a sama ruwa ya gangaro da kansa, amma ka lissafa wutar da za a mayar da shi saman. Na biyu, abin da kake farauta ƙarami ne, don haka dole awonka ya fi shi kaifi. A ce na'urarka tana kuskuren kashi 1 wajen auna bolt, kashi 2 wajen auna amfiya. Idan aka haɗa su ta hanyar da aka saba, wato a ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushen jimlar, kuskuren wat ya zama kusan kashi 2.2, kimanin wat 2 ke nan a kowane faranti. Bambancin faranti biyu zai zo da kuskuren kusan wat 3. Ribar wat 6 mai tangal-tangal da wat 3 sama ko ƙasa ba za ta iya bambance gudun ruwa iri 3 ba. Gara ka san haka yau, ka nemi na'ura mafi inganci, ko ka auna farantan biyu da na'ura guda domin kuskurenta na dindindin ya faɗa a kansu daidai, da ka gano shi ranar da mai jarrabawa ya tambaye ka.

Yanzu kalanda. Daga ranar miƙawa ake lissafi a dawo baya. Wata 7 kusan mako 30 ne. Cire 2 na ƙarshe domin tantance satar rubutu, gyaran tsarin shafuka, sa hannu da ɗinki. Cire 4 domin malaminka ya karanta kai kuma ka yi gyara. Cire 5 na rubutu zalla. Saura 19. Ba 2 ga taƙaita tambaya da yin odar kaya, 4 ga haɗa kayan gwaji da gwajin share fage, 7 ga tattara alƙaluma, 3 ga nazarinsu. Makonni 3 da suka rage kada ka sa musu komai, na abin da zai lalace ne, kuma wani abu zai lalace. Ka duba a waɗanne watanni makonni 7 ɗin awo suka faɗa. Idan lokacin gajimare ko ruwan sama ne a inda kake, ka jawo su gaba ko ka ƙara musu kwanaki, domin ranar da hasken ke hawa yana sauka kowane minti 5 ba ta ba da alƙaluman kwatance. Jadawalin Gantt, wato mai nuna kowane aiki da makonnin da zai ɗauka, a shafi ɗaya ya wadatar. Ka sa masa ranakun da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba, kamar "awo na farko ya shiga kwamfuta". "Ci gaba da bincike" ba ya shiga jadawali.

Odar kaya a makon nan ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za a kawo daga nesa, ko wanda sai ofishin sayayya na makaranta ya sa hannu, ka ninka lokacin da aka ce zai ɗauka. Ƙananan abubuwa masu saurin ƙonewa ka sayi biyu-biyu. Ka je ɗakin gwaji da ƙafarka ka ga ma'aikacin da ke kula da shi, ka tambaye shi wace na'ura ce ke aiki, yaushe aka yi mata saiti na ƙarshe, wa ya riga ya kama layi. Mutumin nan ya fi kowa sanin abin da ke cikin durowa, ka girmama shi, ka mayar masa da kaya a kan lokaci. Idan sashenku yana buƙatar takardar tantance haɗari kafin a fara gwaji, cika ta yanzu. Ruwa da lantarki za ka haɗa a wuri guda.

Sai gwajin share fage, wanda muke so ka yi kafin mako na 6 ya ƙare ko da kayan sun yi muni. Faranti 2 iri ɗaya, gefe da gefe, kusurwa ɗaya, babu inuwa. Kwana 2 na farko kada ka sanyaya ko ɗaya. Auna su haka nan, domin faranti biyu daga kamfani ɗaya ba sa ba da wuta daidai, kuma bambancinsu na asali zai iya kai wani babban kaso na ribar da kake nema. Rubuta wannan bambanci, ka cire shi daga baya. Goge su duka biyu a lokaci ɗaya kowace safiya, ƙura kaɗai tana iya ɓata kwatancen.

Ga wuraren da irin wannan gwaji ya saba karyewa. Zafi ya fi taɓa bolt. Amfiyar da faranti ke bayarwa idan aka haɗe wayoyinsa kai tsaye ƙaruwa ma take yi kaɗan da zafi. Wanda ya auna amfiya kaɗai zai ce sanyayawa ba ta yi komai ba. Wanda kuma ya jona faranti da lodi guda mara sauyawa, wato abin da ke jan wutar, ba ainihin ƙarfin farantin yake aunawa ba, domin wurin da faranti ke ba da mafi yawan wuta yana matsawa da sauyin haske da zafi. Ka yi amfani da rizisto mai sauyawa, wato abin da ke rage ko ƙara wutar da ake ja, ka zana layin bolt da amfiya cikin sauri kafin hasken ya sauya, ko ka sa wa kowane faranti na'urar MPPT iri ɗaya, wadda ke bin wannan wurin na mafi yawan wuta da kanta. Idan da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino Uno za ka tattara alƙaluma, ka sani matakai 1024 yake raba bolt 5, kowane mataki kusan milibolt 4.9. Tamokoful nau'in K kuwa, wato wayar auna zafi, maikurobolt 41 yake bayarwa a kowane digiri, ke nan sai zafi ya sauya da sama da digiri 100 kafin allon ya motsa mataki ɗaya. Dole a sa masa abin ƙara sigina kamar MAX31855, ko ka koma ga ma'aunin zafi na DS18B20 wanda kuskurensa rabin digiri ne tsakanin 10 ƙasa da sifiri zuwa 85. Ɗan allon auna amfiya na INA219 da aka fi samu iyakarsa amfiya 3.2, farantin wat 100 mai bolt 18 kuwa yana haura amfiya 5 a tsakar rana. Kowane ma'aunin zafi ka tsoma shi cikin ƙanƙarar da aka farfasa aka haɗa da ruwa ka ga ko zai nuna sifiri, sannan cikin ruwan da ke tafasa, kana sane cewa ruwa yana tafasa ƙasa da 100 da kusan digiri 1 a kowane mita 300 na tudu. Manna shi sosai a bayan faranti a wurare 3 aƙalla, ka rufe shi da abin da zai hana ruwan sanyayawa taɓa shi. In ba haka ba zafin ruwa za ka yi ta rubutawa kana murna. Kuma kowane awo ya zo da ƙarfin hasken rana na wannan minti, da zafin iska, da zafin ruwa a shiga da fita. Alƙaluman wat da ba su da awon haske a gefensu ba a iya kwatanta su da na wata rana.

Kowane gudun ruwa ka maimaita shi a ranaku 3 mabambanta aƙalla, kuma ka cakuɗa jerin. Idan ka yi ƙaramin gudu a makon farko, babba a makon ƙarshe, ba za ka san ko ruwa ne ya kawo bambanci ko yanayi ba. A daren kowace ranar awo ka zana alƙaluman a giraf. Wayar da ta kwance tana bayyana a giraf nan take. Wanda ya tara fayiloli sai ƙarshen wata zai buɗe, wata guda ya yi asara. Ka riƙe littafin gwaji mai kwanan wata, ka rubuta har abin da kake ganin ba shi da muhimmanci, kamar sauya waya ko matsar da faranti. Fayilolin asali kada ka taɓa gyara su, kwafi ake yi wa aiki. Ajiye su wuri 3, ɗaya daga ciki a intanet.

Kwaikwayo a kwamfuta fa? Idan sashenku bai wajabta ba, ɗan lissafin daidaiton zafi a manhajar MATLAB ko Python ya isa: zafin da ya shigo daga rana, wanda ya zama wuta, wanda iska ta ɗauka, wanda ruwa ya kwashe. Ka kwatanta hasashensa da awonka, ka bayyana inda suka rabu. Idan dole sai manyan manhajojin kwaikwayo irin ANSYS ko COMSOL, ka sani hoto mai launi ba hujja ba ne. Sai ka nuna ka ƙara yawan ragar lissafi, wato ƙananan gutsattsarin da manhajar ke raba farantin, sau 2 ko 3 har amsar ta daina sauyawa da fiye da kashi 1 ko 2, sannan ka gwada ta da awo na zahiri.

Maƙalu 80 sun yi yawa, ka daina tarawa. Zaɓi 20 zuwa 25 da suka yi gwajin sanyayawa da ruwa, ka yi musu teburi: girman faranti, hanyar sanyayawa, gudun ruwa, digirin da aka rage, ribar da aka samu, da ko sun cire wutar famfo. Gurbin ƙarshen nan ka sa masa ido, duk inda ka ga babu komai a cikinsa, dalilin bincikenka ne ke fitowa. Daga teburin za ka rubuta babin bitar ayyukan da suka gabata, kana haɗa masu kama da juna kana nuna inda suka saɓa. Zuba su duka a manhajar adana maƙalu ta Zotero ko Mendeley tun yau domin manazarta ta tsara kanta.

Batun malaminka ya dame mu, domin shirun mako 3 a wannan lokaci yana da tsada. Sai dai sau da yawa irin saƙon ne ke jawo shirun. "Malam, ina neman shawara a kan aikina" saƙo ne da sai mutum ya samu awa guda kafin ya amsa, kuma ba zai samu ba. Rubuta masa shafi ɗaya: tambayar da ka taƙaita, lissafin wat 6 ɗin nan, jadawalin makonni, da abin da ka cire tare da dalili. Ka rufe da tambayar da za a amsa da e ko a'a: ya amince a taƙaita manufofin zuwa wannan? Ka roƙi minti 20 kowane mako 2 a rana tsayayya, ka riƙa zuwa da giraf a hannu. Bayan kowace ganawa ka tura masa layi 4 ko 5 na abin da kuka tsayar. Amincewarsa da rage manufofi ka same ta a rubuce, ka kuma bincika ko dokar sashenku tana buƙatar cika wata takarda, domin da manufofin da ke rubuce za a auna ka. Idan ka yi haka sau 2, ka je ofishinsa, shiru bai yanke ba, ka sami jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri na farko a sashen, cikin ladabi, da kwanan watan saƙonninka a hannu. Taimako kake nema a kan lokaci, kada ka mayar da shi ƙara.

Rubutu kuma kada ka jira makonni 5 ɗin can. Babin hanyoyin gudanar da bincike ana rubuta shi ne lokacin da ake haɗa kayan, sa'ad da lambar kowace na'ura da tsawon kowane bututu ke gabanka. Ma'auninsa shi ne wani injiniya ya karanta ya sake haɗa gwajin ba tare da ya kira ka ba. Bayansa sakamako: fara da zaɓar giraf 6 zuwa 8 da ke ɗauke da amsar, kowanne da sunan abin da aka auna, ma'auninsa, da sandunan da ke nuna girman kuskuren awo, sannan ka rubuta bayani a kewayensu. Wajen tattaunawa ka faɗi dalili: me ya sa ribar ta daina ƙaruwa bayan wani gudun ruwa, me ya sa taka ta bambanta da ta waɗanda ke cikin teburinka. Gabatarwa da tsakure su ne na ƙarshe, kuma babi na ɗaya da ka riga ka rubuta sai an sake shi, tunda manufofi sun sauya. Tura wa malaminka babi-babi. Idan za ka yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira, ka fara karanta dokar makarantarku, kuma kada ka sa maƙalar da ba ka buɗe da idonka ba a manazarta, domin irin waɗannan manhajoji suna ƙago sunayen maƙalun da babu su.

Akwai yiwuwar bayan duk wannan ka tarar famfo ya cinye ribar, ko ribar ba ta fi kuskuren awo ba. Wannan ma sakamako ne, kuma ana cin jarrabawa da shi idan awon ya inganta: ka nuna a wane haske da wane gudu ake yin kunnen doki, da girman farantin da abin zai fara biya. Abin da ba a yafewa shi ne goge alƙaluman da ba su yi maka daɗi ba. Idan ka cire wani awo, ka faɗi ka cire shi, ka kawo dalili daga littafin gwajinka.

Ranar kare kundi tambayoyin ba sa wuce waɗannan da yawa: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, yaya ka tabbatar da na'urorinka, nawa ne kuskuren wannan adadi, me za ka sauya da za ka sake. Shirya shafukan nuni a majigi 12 zuwa 15 idan minti 15 aka ba ka, ka gwada jawabin a gaban abokan karatu 2 da agogo, ka ce su matsa maka a kan giraf ɗin da kai kanka ka fi shakka. Allah ya ba da sa'a, ɗan'uwa. Ka rubuto mana idan alƙaluman gwajin share fage sun fito, mu duba su tare.